Yadda Tukunyar Awarata Ta Zama Kan Zandaro

Duk wanda ya zo sayen awara a shagona sai ya leƙa tukunya ya tambayi abin da ya lotsa ta. Na gaji da maimaitawa ina tsakiyar ciniki, shi ya sa na zauna na sa aka rubuta mini sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa, in ci gaba da yankan awarata.

Sunana Shige, ni ce mai awara a Layin Daikoku. Tukunyar ta tagulla ce, kakan mijina ya saye ta, kuma mutum biyu za su zauna a ciki ba su takura ba. Lokacin yaƙi, da aka bi gida-gida ana karɓar ƙarfe don a narke a yi harsashi, har ƙararrawar wurin bauta sai da aka sauke, ni ɗaga tabarmar ɗaki na yi na tona rami na binne ta. Masu karɓa na miƙa musu tsohuwar buta da cokali biyu ina share hawayen ƙarya. Mijina Seikichi, ranar da za a tafi da shi soja, bai ce in kula da kaina ba, cewa ya yi in kula da tukunya. Bai dawo ba. Akwati aka kawo mini da dutse a ciki a maimakon gawarsa. Da jirage suka ƙone garin na dawo na tone ta daga cikin toka, ko ƙwarzane babu. Shekara talatin da biyar da ita nake ci.

Abin da yaƙi ya kasa yi mata, ƙanin mijina Kumazo ya yi shi a yini ɗaya.

Kumazo gyaran keke yake yi, shago huɗu tsakanina da shi. Idan ka kai masa faci, kafin ya cire tayar sai ka sha labarin yadda ya yi makanikancin jiragen yaƙi, wai matuƙa ba sa yarda su tashi sai ya ƙwanƙwasa fiffike da yatsa ya ce ya yi. Ni na san abin da na sani, amma saboda darajar wansa ban taɓa buɗe baki ba.

A shekarun nan kowace Asabar ƙarfe shida na yamma layinmu tsit yake yi, saboda Zandaro. Wani zane ne mai motsi da ake nunawa a talabijin. Wasu halittu su sauko daga sama da dodon ƙarfe su rushe gari, sai wani yaro ya shige cikin kan basamuden ƙarfen da ubansa ya ƙera ya fito ya tare su. Kafin kowane duka sai yaron ya kira sunan dukan da ƙarfi, dodon kuma ya tsaya ya jira shi ya gama. Asabar ta gaba garin ya dawo cas, har da furanni a taga. Na ce da masu kallo namu garin shekara goma muka yi muna kwana a rumfar kwano, kuma waɗanda suka ƙone mu ba su tsaya sun faɗi sunan komai ba.

A shagon Genzo mai aski ake kallo, shi ne shugaban 'yan kasuwar layin. Kumazo da furfurarsa yakan rufe shago ya zo ya ture yara ya zauna a gaba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, kuma ba basamuden nake kallo ba. Can ƙasan allon akwai 'yan mutane kamar tururuwa suna gudu, a cikinsu akwai wata mata da tukunya goye a baya. Kowane mako sai ta wuce. Kumazo ya ce zane ɗaya ne suke maimaitawa don kada su wahala. Na ce ko ma mene ne, shekara guda ke nan wannan baiwar Allah tana gudu, basamuden bai taɓa sunkuyowa ya karɓi kayanta ba.

Ana haka aka buɗe wani babban kanti kusa da tashar jirgin ƙasa, masu saye suka ragu a layinmu. Genzo ya kira taro a saman shagonsa. Kowa ya yi tagumi, sai Kumazo ya miƙe ya warware wata takarda da ta fi tabarma tsawo. Ya ce a bikin wurin bauta na watan takwas zai ƙera mana Zandaro na gaske, tsayinsa ya kai bene, yana hayaƙi, yana harba dunƙule, yana ruri. Ya ce mutanen talabijin da ƙafarsu za su zo daga babban birni, masu kantin kuwa su rufe su zo neman aiki wurinmu. Wanda ya gyara jirgin yaƙi, in ji shi, basamude a wurinsa wasan yara ne. Babu mai wata dabara, ga shi an zuba giyar shinkafa zagaye biyu, sai aka tafa.

Sannan ya yi gyaran murya ya ce abu ɗaya ya rage, kai. Ana bukatar wani abu mai faɗi, zagayayye, mai ƙyalli. Kowa ya juyo yana kallona.

"Yaya, aro ne fa, na yini ɗaya," in ji shi.

"Gwamnati ta zo da bindiga ba ta samu ba, sai kai da famfon keke?"

Kwana uku yana zarya. Ranar farko ya zo da alewa, na karɓa na ce a'a. Rana ta biyu ya turo matarsa Fumi, ita kuwa ta zauna ta sha shayi ta ce in na isa kada in ba shi, don ya riga ya ɗauke mata bahon wanki. Rana ta uku ya zo da Genzo da dattawa biyu, suka durƙusa suna maganar ceton layi. Na ga idan na ƙi za a ce ni na kashe kasuwa, sai na ce to a yi ciniki.

Za a ɗauke ta bayan na gama dahuwar safe, a dawo da ita kafin rana ta faɗi. Ba huda, ba fenti, ba ƙusa. Alamar shagona, da'ira da harafin sunan mijina a ciki, za a zana ta a ƙirjin basamuden. Rumfar da ke bakin ƙofar wurin bauta, wadda kowa ke faɗa a kanta, tawa ce a bikin. Idan kuma tukunya ta samu ko ƙwarzane, Kumazo zai zo ya niƙa mini wake a dutse kullum da asuba, don ni ba na amfani da inji. Na ce shekara guda. Ya ce kwana goma. Na tashi na fara rufe shago. Ya ce wata ɗaya. Na kira Fumi in tambaye ta labarin baho. Muka tsaya a kwana ɗari. Aka rubuta, na sa Genzo ya karanta mini, da mai kawo wasiƙa ya zo na sa shi ma ya karanta don in ji ko bakinsu zai zo ɗaya, sannan Kumazo ya buga hatiminsa.

Daga nan babu ƙarfen da ya tsira a layin. Tsohon bututun hayaƙin gidan wanka ya zama hannaye. Gwangwanayen kananzir suka zama cinyoyi. Bahon Fumi ya zama ciki. Kwanon rufin bayan gidansa ma sai da ya ɓalle, Fumi ta koma shiga da lema. Wata guda yana ƙwanƙwasa a cikin shago ƙofa a rufe, in mai keke ya zo sai ya ce masa ya dawo bayan yaƙi.

Ranar da ya buɗe mana, abin ya cika shagon daga bango zuwa bango, a kwance. Genzo ya dubi abin, ya dubi ƙofa, ya tambaya ta ina zai fita. Kumazo ya auna ƙofar da taƙi, ya sake aunawa. Sai ya yi dariya ya ce ai da gangan ne, duk wanda ke kallon Zandaro ya san gida uku yake rabuwa sannan ya haɗe. Kwana biyu muna jin ƙarar zarto.

Sai gwajin dunƙule. Gwangwanin biskit ne ya cika da tsumma, ya ɗaure da robar tayar keke guda shida. Aka taru a tsakar layi. Ya ja robar, ya buɗe ƙafafu, ya fara kiran sunan dukan, wai Dunƙulen Aradu Mai Tsaga Duwatsu Bakwai. Genzo kunnensa ɗaya ya mutu tun a soja, sai ya matso gaban abin yana tambayar duwatsu nawa. Kumazo ya tsaya zai maimaita masa, robar ta suɓuce. Dunƙulen ya wuce ta gefen kunnen Genzo mai ji, ya shige shagon Otane ya faɗa cikin gangar da take tsima kabeji.

Otane kuwa ita ce shugabar matan layin a horon kashe gobara lokacin yaƙi, kuma muryarta ba ta san an gama yaƙin ba. Ta fito da dunƙulen yana ɗigar da ruwan tsami ta tambaya na wane ne. Kumazo ya ce can ya auna dama, yana gwada ko zai iya shiga ƙaramar ƙofa.

"Sake gwadawa, Kumazo," in ji ta. "Wannan karon kanka zan tsima."

Maganar masu ɗauka ma ta zo da tata matsalar. Basamuden a kan dogayen katakai biyu za a ɗauke shi a kafaɗa, kamar yadda ake ɗaukar karagar abin bautar unguwa. Mai kula da wurin bauta ya ce samarin layin duk na karaga ne, ko ɗaya ba zai bayar ba, kuma gwangwanin ya biyo baya da nisa. Aka tattaro tsofaffi goma sha biyu, ƙaraminsu shekararsa hamsin da takwas, yawancinsu tsofaffin soja. Kumazo ya jera su ya yi musu jawabi, ya kira su rundunarsa. Ɗaya ya tambaya ko za a tsaya fitsari a hanya.

Kwana biyu kafin biki ya zo mini a ɓoye yana sosa ƙeya. Wai shi a cikin kan zai zauna, yadda yaron yake yi, to ta ina zai ga hanya? Ƙaramar huda ɗaya kawai, kamar ƙwayar wake. Na ɗauko takardar na ajiye a gabansa. A ƙarshe kife tukunyar ya yi a kan 'yan katakai huɗu, aka samu tsaga daidai cibiyarsa, ya ari madubi wurin Genzo ya ce zai ɗora a cinya ya riƙa leƙen hanya ta ciki. Ya kuma gaya mini akwai wani makami na sirri da ko Fumi ba ta sani ba, ranar za mu ji. Na ce in dai bai taɓa tukunya ba, ya ji daɗinsa.

Ranar biki rana ta buɗe tun da safe. Na gama dahuwa, na wanke tukunyata na goge ta har ina ganin fuskata, na ɗora a amalanke na raka ta da kaina. Rumfar na bar wa Fumi. Muciyata na riƙe a hannu, na ce ƙafata ƙafar tukunya.

Aka ja ta sama da igiya aka kife. Ba zan ɓoye ba, ta yi kyau. Ya ɗaura mata ƙahoni da kan keke biyu, rana ta doke ta, layin ya haske. Sai na dubi ƙirjin, na ga walƙiya ce a zane, ja da rawaya. Karatuna bai yi nisa ba, amma alamar shagona ko a duhu na san ta. Na zagaya. Can na same ta a gindin basamuden, ba ta fi faifai ba.

Kumazo ya leƙo daga sama ya ce ƙirji wurin tambarin yaƙi ne, kuma in na yi tunani, jama'a a baya suke bi, nan suka fi kallo. Na je na zauna a kan katakon ɗauka na ce sunan wansa ba zai zaga gari a gindin bahon wanki ba. Tuni an fara kiɗan ganga, karaga ta tashi. Dole ya sauko da gwangwanin fenti ya zana da'irar a kan walƙiyarsa, fentin yana zuba har cinya.

Ya hau, ya shige ƙarƙashin tukunya, muryarsa ta fito kamar daga rijiya yana cewa runduna ta tashi. Tsofaffi suka ɗaga da nishi. Taku goma aka yi, ƙahonin suka kama igiyar fitilun takarda da aka jera a rumfar layi. Ya ce a ci gaba, Zandaro ba ya ja da baya. Aka ci gaba, fitilu talatin suka biyo mu suna jan ƙasa.

Daga nan madubi ya fara aikinsa. Ya ga rumfar mai kifi a madubin, ya ce a yi dama. Aka yi dama, aka shige rumfar mai kifi. Ya ce hagu, aka kwashe kwandunan mai lemo. Genzo da ke riƙe da gaban katako ya juya ya ce da sauran, madubinsa ne, ya san halinsa, duk abin da Kumazo ya faɗa a yi kishiyarsa. Aka yi taku ashirin lafiya. Ashe a daidai lokacin shi ma Kumazo ya gano, ya fara juya umarninsa da kansa. Muka sake komawa wurin mai kifi. Mutumin ya tsaya da wuƙa a hannu ya ce in sun dawo na uku su zo da kuɗin kifi, don shi bai san yana cikin abokan gaba ba.

Hayaƙin kuma maganin sauro ne mai murɗe, guda arba'in, ya kunna a kafaɗun basamuden. Ya manta hayaƙi sama yake yi, saman kuwa tukunya ce a kife. Kafin mu kai ƙarshen layi umarni ya koma tari. Yara na bin mu suna cewa Zandaro ya kamu da mura. Na buga ƙafar gwangwanin da muciya na ce kada ya kuskura ya baƙanta mini cikin tukunya. Ya ce hayaƙin yaƙi ne, Yaya, ba za ki gane ba.

Duk da haka muka isa filin wurin bauta, kuma gaskiya jama'a ta taru, har da masu jakar babban kantin a hannu. Kumazo ya hango su a madubi, kansa ya ƙara girma. Ya sa aka tsaya a tsakiyar fili. Ya yi tari ya share murya, ya sanar da cewa yanzu za a ji Rurin Zandaro Mai Girgiza Sama.

Sai ya fara murza wani abu.

Jiniya ce. Irin ta hannu, wadda ake murzawa idan jirage sun taso. A ɗakin ajiyar unguwa ya tsinto ta, ya zuba mata man keke. Ta fara ƙasa-ƙasa, ta hau, ta hau, tukunyata kuma ta ninka ƙarar ta watsa ta ko'ina.

Shekara talatin da biyar ban ji wannan kukan ba, amma na ji warin wancan daren a hancina. Tsofaffin nan goma sha biyu babu wanda ya yi shawara da wani. Sakin katakai suka yi suka zube rubda-ciki, manyan yatsu a kunne, sauran a ido, baki a buɗe, yadda aka koya mana. Na gaba suka riga na baya saki, sai basamuden ya sunkuya kamar mai gaida surukai, ya rabu gida uku yadda mai shi ya yi alkawari. Maganin sauro ya watse a kan fitilun takarda, wuta ta kama.

Muryar Otane ta tsaga filin: "Bokiti!"

Abin da na gani ba zan manta ba. Mata masu shekara sittin, saba'in, da kayan biki a jikinsu, suka jeru daga ƙofar gidan wanka zuwa fili, kowace a gurbinta na da. Inda wadda ta mutu take tsayawa aka bar shi a buɗe, ana miƙa hannu ana tsallakewa. Bokiti na tafiya, Otane na ƙirga. Gurbina na bakwai ne, kuma ranar ce karo na farko da na bar layi. Har yau Otane tana yi mini gori.

Tukunya na nufa. Ina gudu ina kallo Kumazo ya faɗo ƙasa da jiniyarsa, tukunyar ta biyo shi ta kife a kansa kamar an rufe kaza da kwando, sannan bututun gidan wanka, hannun daman Zandaro, ya sauko mata a tsakiyar gindi. Ƙarar da ta yi, an ce har tasha an ji. Jiniyar ta yi ƙasa a hankali ta mutu. Ruwan wanka mai ɗumi da kumfa ya sauka a kan komai, har da ni.

Yara ne suka fara tafi, sun ɗauka duk cikin wasan ne, wani yana cewa ya fi na talabijin. Tsofaffin suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna kakkaɓe riga, ba mai kallon idon wani. Genzo fuskarsa jiƙe take, ya ce ruwan bokiti ne.

Na ture bututun na shafa wurin. Ta lotsa, lotsawar da tafin hannuna ya zauna a ciki. Sai na ji ƙwanƙwasa daga ciki.

"Yaya? A ɗaga mana. Zandaro ya yi nasara ko?"

Maza huɗu suka matso za su ɗaga. Na ce su dakata, na tattara rigata na hau na zauna a kai.

"Kana da rai?"

"Ina da rai, Yaya. Ko ciwo ban ji ba."

"Tukunyar wanka Seikichi ce ta ji maka. Kwana ɗari."

Ya ce ai takardar ƙwarzane ta ce, ba ta ambaci lotsawa ba. Jama'a suka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce to a bar takarda, akwai abin da nake so in ji. Mutumin da ya yi yaƙi a filin jirage, inda aka fi ko'ina shan wuta, yaya aka yi bai san abin da wannan kukan yake yi wa mutane ba?

Na ce ina da lokaci, Fumi na tsare mini rumfa, tukunyar kuma ta yi ɗumi, daɗin zama gare ta. Otane ta matso da bokiti a hannu ta ce ita ma tana so ta ji.

Muryar ta fito ƙarama, amma tagulla ta ƙara mata ƙarfi, har na bayan fili suka ji.

"Ban taɓa jin ta ba, Yaya. A talabijin kawai."

"A ina kake?"

"A kan dutse. Saiwar itace muke tonowa, wai a tatsi mai a zuba wa jirage."

"Jirgi nawa ka ƙwanƙwasa wa fiffike?"

"Na taɓa hango ɗaya. Daga nesa. Ina jin ma ba namu ba ne."

Wani daga cikin tsofaffin ne ya fara, wata dariya mai kama da tari, sai sauran suka kama, har Genzo ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Mai kifi ya ce da ya faɗa tun da, ai tonon saiwa ya fi abin da su suka yi amfani. Otane ba ta yi dariya ba. Ta ce gobe zai bi gida-gida ya durƙusa a ƙofar duk wanda ya kwanta a ƙasa yau da duk wadda ta ɗauki bokiti, jiniyar kuma a jefa ta a teku. Na ce ni kuma kwana ɗari na ƙwarzane ne, yadda ya faɗa da bakinsa, lotsawa ɗari biyu ce. Ya ce ɗari da ashirin. Na gyara zama. Ya ce ɗari da hamsin, numfashinsa na ƙarewa. Na ce ɗari da tamanin, da sabon baho ga Fumi. Ya yarda, Genzo ya shaida, sannan na sauka.

Ya fito baƙi ƙirin yana warin maganin sauro, da madubin a rungume bai fashe ba. Kafin rana ta faɗi shi ya turo mini tukunyata a amalanke har gida.

Mutanen talabijin ba su zo ba. Babban kantin yana nan. Mai ƙira ya ce zai iya buge lotsawar ta koma, na tambayi kuɗin, na ce ya bar ta. Dahuwa ba ta canza ba, kuma mutane daga wasu unguwanni suna zuwa ganin wurin, ba na barin kowa ya leƙa sai ya sayi yanka biyu.

Kumazo yana zuwa kullum da asuba. Tun ranar bai ƙara maganar jirgi ba, sai dai yanzu ya fara cewa duk dutsen da suka yi aiki babu wanda ya kai shi iya tonon saiwa. Asabar da ta wuce aka nuna Zandaro na ƙarshe. Basamude ya ci yaƙi, gari ya dawo da furanninsa, kowa yana ɗaga hannu. Na tsaya har rubutu ya gama wucewa, ba a nuna matar nan mai tukunya ba.

Washegari yana niƙa na faɗa masa. Ya juya dutsen sau biyu, sannan ya ce, "Ta isa gida, Yaya. Ta buɗe shagon awara, tana ta gallaza wa ƙanin mijinta."

Na juya baya na ƙara wa wuta itace, don hayaƙi ya shiga idona. Da na juyo na ga ya daina niƙa, ya ƙura wa murfin tukunyar ido. Wai a sabon zanen talabijin da za a fara mako mai zuwa, basamuden garkuwa yake riƙewa, zagayayya, mai faɗi.

Na ɗauki murfin na ajiye a ƙasa na zauna a kai. Na ce saura kwana ɗari da goma sha ɗaya, niƙa.